Ranar da Baba Ya Goya Ɗan'uwana a Tsakiyar Kasuwa

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci. Na daɗe ina karanta abin da 'yan'uwa ke aiko wa wannan shafi, kullum in ce wata rana ni ma zan rubuta nawa, sai kunya ta riƙe mini hannu. Yau dai na daure. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko da yake na san mutanen unguwarmu a Birnin Ƙonni za su gane gidan da nake nufi, don abin bai faru a ɓoye ba.

A lokacin ina 'yar shekara sha bakwai, ina ajin farko a lise, wato babbar sakandare, kuma gaskiya ina ji da kaina. Ina da ƙoƙari a lakwal, wato makarantar boko, malamai suna yabona, a unguwa kuma ana kirana ɗiyar Ladan, domin mahaifinmu ne ke kiran salla a masallacinmu tun kafin a haife mu. Sana'arsa dillancin albasa, yana karɓo ta daga manoman wajen Malbaza yana haɗa su da masu manyan motoci. Mutum ne marar yawan magana, ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki ɗa ba, amma in ya yi gyaran murya a zaure kowa sai ya kama kansa. Mu tagwaye ne, ni da ɗan'uwana namiji, kuma mu ne 'yan autan gidan. Tare muka yi rarrafe, tare aka sa mu lakwal, har ranar da sakamakon jarrabawar birbe ya fito, wadda ake yi kafin shiga lise. Ni na ci, shi ya faɗi. Tun daga ranar duk wanda ya shigo gidanmu yi mini barka sai ya juya ya ce masa, kai namiji ka bari mace ta wuce ka. Yana dariya, mu ma muna dariya. Babu wanda ya duba abin da ke ƙarƙashin dariyar.

Sai na ɗan bayyana yadda samarin zamaninmu suke, don a fahimci yadda aka yi muka makance. Manya suna ba mu labari cewa a da, garin iyaka irin namu, saurayi yakan sha giya a wurin biki a gaban abokansa har ya yi taƙama da ita. Mu ba mu tarar da haka ba. Sa'o'inmu sun juya wa abin baya. Abin da suka sani shi ne fada, wato wurin zaman samari a bakin titi inda ake dafa shayi, a kalli ƙwallo a waya, a yi musu har a gaji. Wanda aka ji wa warin giya ba ya samun wurin zama a tabarmar. Iyaye suna murna, a wa'azi ana cewa yaran yanzu sun fi na da hankali ta wannan fanni, kuma gaskiya ne. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne 'yan ƙalilan ɗin da suka rage. Su ba sa sha a fili, ba sa sha a hankali, kuma babu wani a kusa da su da zai ce ya isa haka. A kango suke sha, ko bayan shago, su ɗaga su zazzage cikin gaggawa kafin wani ya gani. Kuma ba giyar kwalba ba ce, wata mai ƙarfi ce da ake ƙullawa a 'yan ƙananan ledoji, tana shigowa daga tsallaken iyaka, yaro ya cusa da yawa a aljihu ba a sani ba.

Ɗan'uwana ya ƙi maimaita aji. Ya ce shi kasuwa zai nema, Baba ya ce to ya zo wurin albasa, ya ce a'a, yana son ya tsaya da ƙafarsa. Haka ya faɗa hannun 'yan ruwa-ruwa, masu ɗauko man fetur a jarkoki kan moto ta hanyoyin daji. Aiki ne na sai da rai, mutum ya ɗaure jarkoki gaba da baya ya yi ta tsala gudu cikin yashi da ƙaya. Daga baya ya gaya mini cewa ranar farko tsoro ne ya kama shi, sai wani da ya girme shi ya miƙa masa leda ɗaya ya ce maganin tsoro ne. Tsoron ya tafi kuwa. Washegari ya nemi wata da kansa.

Ni na fara ganewa, don babu wanda ya san shi kamar ni. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da Baba, kullum da uzurinsa. Bakinsa ba ya rabuwa da kanumfari da citta. Da safe in ya ɗauki kofin kunu sai na ga hannunsa na karkarwa. Abokansa na fada, waɗanda suka taso tare, suka daina sallama da shi a ƙofar gida, na tambayi ƙanwar ɗaya daga cikinsu ta ce ai sun ce masa kada ya ƙara zuwa musu da wari. Wata rana ina share garken awaki na ga tulin ledojin nan an cusa a ƙarƙashin kwanon rufi. Na tare shi, ya fara musu, sannan ya fashe da kuka ya roƙe ni don Allah kada in faɗa, ya ce ya kusa bari, wannan satin ne na ƙarshe. Na yi shiru. Na riƙa gaya wa kaina rufin asirin ɗan'uwa nake yi, amma in zan faɗi gaskiya asirina nake rufawa. Ba na son a ce ɗiyar Ladan tagwaininta mashayi ne. Har akwai ranar da ya zo ƙofar lakwal ana tashi, yana tangaɗi, yana kirana da sunan da shi kaɗai ke kirana da shi. Ƙawayena suka ce wane ne wannan, na ce ban san shi ba, wani mahaukaci ne, na ja hijabina na wuce.

Abin ya fashe ne ranar kasuwa, cikin bazara, rana tsaka. Shi da wasu yara biyu suka yi gasa a bayan rumfunan masu sayar da mai, wai a ga wanda zai fi shanyewa. Shi ya ci gasar. Ya miƙe ya yi taku kaɗan ya faɗi a bakin hanya, yana amai, idanunsa sun juye. Abokan gasar suka hau moto suka gudu. Ni ina dawowa daga lakwal da ƙawayena muka ga taro, muka leƙa kamar kowa. Da na ga rigarsa sai na gane ɗan'uwana ne. Mutane sun yi da'ira, wasu na salati, wasu na tsaki, da yawa sun ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo, kuma babu wanda ya taɓa shi. Na ji wani yana cewa ai ɗan Ladan ne, wani ya ce to ga irinta nan, mai kiran mutane salla ya kasa kiran na gidansa. Ni kuwa ina tsaye a cikinsu, ban matsa kusa da shi ba.

Sai taron ya dare. Baba ne, wani ya ruga tashar albasa ya gaya masa. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba sai ranar. Bai kalli kowa ba. Ya durƙusa cikin ƙazantar nan da farar rigarsa, ya juya ɗan'uwana ya kwantar da shi ta gefe, ya sa yatsa ya share masa baki, ya warware rawaninsa ya goge masa fuska. Ya ɗaga kai ya nemi mai moto ya kai su gidan likita, duk suka sunkuyar da kai, kowa na gudun amai a kan abin hawansa. Wani dattijo ya ce, "Malam, bari a kira mai kura a ɗora shi." Baba ya ce, "Ɗana ne, ba buhun albasa ba." Ya juya ya ba da baya, ya ja hannuwan yaron ya ɗora a kafaɗunsa, ya yunƙura ya miƙe. Saurayi ne fa wanda ya fi shi tsawo, ƙafafunsa na jan ƙasa. A nan idon Baba ya faɗa kaina. Na ɗauka zai kau da kai don ya rufa mini asiri, ko ya harare ni. Sai ya ce, da muryarsa ta kullum, "Ɗiyata, ɗauko takalman ɗan'uwanki." Na fito daga cikin ƙawayena, na tsuguna na tsinci takalman, ɗaya a nan ɗaya can cikin kwata, na bi bayansu. Muka ratsa kasuwa haka, mutane na matsawa. Ina jin numfashin Baba yana fita da ƙyar, amma bai tsaya ba, bai sunkuyar da kai ba, har yana amsa sallamar masu yi masa sannu. Sai da muka kusa fita kasuwa wani yaro mai moto ya sha gabanmu, idonsa da hawaye, ya ce Baba hau.

A gidan likita aka sa masa ƙarin ruwa. Majo, wato babban mai kula da marasa lafiya a wurin, ya ce da an ƙara jinkiri ko da an bar shi rigingine da sai dai wani labarin. Ya ce ba shi ne na farko da aka kawo musu haka ba, kuma kusan duk yara ne ƙanana, akasari iyayen sukan ce a rubuta zazzaɓi. Baba ya ce a rubuta abin da yake. Ya zauna a bakin gadon da rigar nan mai ƙazanta, bai koma gida ya sauya ba. Da ɗan'uwana ya farfaɗo ya ga wanda ke zaune kusa da shi, sai ya juya fuskarsa bango. Ni na tsaya ina jiran faɗa, ina jiran ko tsinuwa. Baba ya taɓa ƙafarsa ya tambaye shi ko zai iya shan kunu.

Kafin mu koma gida bidiyon ya gama gari. Inna ta kulle kanta a ɗaki tana kuka, ta ce ita ba za ta ƙara zuwa biki ko suna ba. Baffanmu, yayan Baba, ya taso daga Illela da zafinsa. Ina jin su daga tsakar gida. Ya ce yaron nan ya zubar da mutuncin zuri'a, a kai shi inda ake sa wa kangararru mari a ƙafa, ko a saka shi mota a tura shi can kudu wurin 'yan'uwa inda ba a san shi ba. Ya ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Baba bai taɓa musa wa yayansa magana ba a sanina, amma ranar ya ce, cikin ladabi, Yaya ka yi haƙuri, ƙarfe ba ya shiga inda ciwon yake, kuma wanda ya lalace a gaban idona in na tura shi inda ba ido me zai zama. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi bai ci abincin da aka kawo masa ba, kuma ya daɗe bai sake taka gidanmu ba.

A masallaci ma gunaguni ya tashi. Ba wanda ya faɗa wa Baba a ido, amma ana cewa bai dace mai irin wannan gida ya riƙa kiran salla ba. Maƙwabcinmu ne ya ba Inna labarin abin da ya faru bayan sallar la'asar. Ya ce Baba ya miƙe ya ce jama'a, abin da kuka gani a waya gaskiya ne, ɗana ne, kuma giya ce. Baba ya ce ya sauka daga kiran salla daga yau don kada zuciyar wani ta yi nauyi in ya ji muryarsa, a ba wani. Sannan ya ce roƙo ɗaya yake yi, in yaron ya yi muku sallama ku amsa masa. Maƙwabcin ya ce liman ya ce Malam ba mu nemi haka ba, Baba ya ce ya sani, amma yanzu yana da wani aikin da ya fi buƙatarsa. Na san abin da kiran sallar nan yake a wurinsa. Washegari da aka kira azahar da wata murya, yana zaune a zaure, na ga leɓensa na motsi yana bin kiran.

Da damina ta faɗi ya danƙa harkar albasa a hannun abokin sana'arsa, ya ɗauki ɗan'uwana suka koma gonarmu ta gado a wajen Tsarnawa, inda muke da 'yar bukka da rumbu. Kafin su tafi sai da ya koma wurin majo ya zauna kamar ɗalibi ya tambayi yadda ake yi, aka gaya masa wanda jikinsa ya saba ba a yanke masa kai tsaye ba tare da magani da kulawa ba, aka ba shi magunguna, aka ce ya riƙa dawo da shi ana dubawa. Ya bi duk abin da aka ce, ya haɗa da addu'a da rubutun da yake yi masa da hannunsa. Da aka yi hutu na bi su don in riƙa dafa musu abinci, kuma a can na ga abin da ban taɓa zato ba. Ɗan'uwana yana rawar jiki kamar mai masassara, gumi na zuba, ba ya iya riƙe hauya. Wani lokaci ya yi kuka kamar jariri, wani lokaci ya haukace. Wata rana a tsakiyar gona ya jefar da hauya ya dubi Baba ya zage shi, zagi na ƙin ƙarawa, ya ce ai dama ba ka taɓa sona ba, waccan ce ɗiyarka mai takarda, ni kunyarka ce kawai ta sa ka kawo ni daji. Na toshe kunnuwana. Baba ya tsaya ya dogara da ƙotar hauyarsa har yaron ya gama, sannan ya ce rana ta yi zafi, je ka inuwa ka sha ruwa, ni zan ƙarasa kunyar nan.

Kada mai karatu ya ɗauka Baba dutse ne. Da yammacin ranar na je bayan rumbu ɗebo itace na same shi zaune a ƙasa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Na juya zan gudu ya kira ni. Ya ce in zauna. Ya ce maganar da yaron ya faɗa akwai gaskiya a ciki, shi bai taɓa auna mu da bakinsa ba, amma ana auna mu a gabansa yana murmushi. A nan na kasa riƙewa, na gaya masa na san komai tun da daɗewa, na ga ledojin, na ɓoye. Na jira ya yi fushi. Sai ya ce to yanzu mun sani ni da ke, tashi ki ɗora tukunya, ya kamata ya ci wani abu mai zafi.

Sannu a hankali jikin ya dawo. Ya fara cin tuwo da yawa, ya fara yi mini tsiya kamar da, ya yi noma har hannunsa ya yi kanta. Da aka yi girbi suka dawo gida da gero da wake, Inna ta yi ta hamdala, muka ce an gama. Ba a gama ba. Bai daɗe da dawowa ba ya gane babu inda za shi. Fada sun rufe masa ƙofa, masu amsa sallamarsa suna amsawa ne daga nesa, yara na nuna shi. Waɗanda suka yi masa maraba da fara'a su ne mutanen kango. Wata la'asar sai ga shi ya dawo yana bin bango, ya zube a ƙofar gida, ya kasa shiga don kunya. Inna ta ce shi ke nan, ita ta sallama, Baffa ya yi gaskiya. Ni ma a zuciyata na sallama. Baba ya fito da tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gidan, ya jawo shi kai, ya zauna kusa da shi yana jan carbi, masu wucewa na kallo, har ya dawo hayyacinsa.

Washegari Baba ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa a unguwa. Ya sa rigarsa ya tafi fadar samarin nan, dattijo mai furfura, ya yi sallama ya cire takalmi ya zauna a tabarmar yara sa'o'in 'ya'yansa. Duk suka rikice, mai dafa shayi har ya kusa kifar da buta. Ɗaya daga cikinsu ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce Baba ya fara da yaba musu, ya ce ku kun yi abin da iyayenku da yawa ba su iya ba, kun ƙi abin nan da kanku ba wanda ya tilasta ku, Allah ya yi muku albarka. Sannan ya ce ya zo roƙo ne, su mayar da abokinsu. Babbansu ya ce, Baba, wallahi ba ƙinsa muke ba, tsoro muke kada a ce duk haka muke, kuma kada ya ja ƙananan cikinmu. Baba ya ce tsoronku daidai ne, amma ku duba, duk garin nan ƙofa ɗaya ce take buɗe masa, kuma kun san ko ta su wa ce. Ya ce ni na iya noma da shi, na iya zama da shi, amma ban iya zama abokinsa ba, wannan ku ne kuka iya. Sai babban ya ce, gobe ya zo, amma Baba in ya zo da wari za mu rako shi gida. Baba ya ce abin da nake so ke nan, ku rako shi, kada ku kore shi.

Yaran nan sun cika alkawari, kuma ina jinjina musu har gobe. Suka danƙa wa ɗan'uwana butar shayi suka ce shi ne mai dafawa, don hannunsa ya samu abin yi kuma ya zama dole a jira shi. Ranar kasuwa, da yake ita ce ranar hatsari, ba sa barinsa shi kaɗai, wannan ya ja shi gyaran moto, wancan ya ja shi filin ƙwallo. Ya sake zamewa bayan haka, ba sau ɗaya ba, kuma kowane karo sukan riƙo shi su kawo shi har zaure su ce Baba ga shi, gobe muna jiransa. An yi musu gori, an ce fadar mashaya, ba su fasa ba. A cikin wannan lokaci ne aka tsinci ɗaya daga cikin yaran da suka yi gasar nan da shi a wani kango, rai ya yi halinsa, shi kaɗai. Danginsa suka ce zazzaɓi ne. Ɗan'uwana ya je jana'iza, ya dawo ya zauna a garken awaki har rana ta faɗi. A sanina tun daga nan bai ƙara ba.

Yanzu shekaru sun shuɗe. Ɗan'uwana yana Malbaza yana aikin walda, yana gyaran bodin motocin da ke ɗaukar siminti, ya yi aure har da 'yarsa. Ba ya yarda a ce ya warke, yakan ce shi dai yana kiyaye kansa, kuma har yau ba ya bin ta bayan rumfunan mai. Ni ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye a yankin Illela. Ranar sunan 'yarsa na samu ƙarfin halin roƙonsa gafara kan abin da na yi a ƙofar lakwal, ina fatan ya ce bai tuna ba, tunda ba a hayyacinsa yake ba. Ya ce ya tuna, ya ji ni sarai, kuma daga nan kango ya nufa. Sannan ya ce ya yafe tun tuni. Na gode masa, amma wannan magana ina ɗauke da ita, kuma ina ganin haka ya kamata.

Abin da ya sa na rubuto shi ne in ja kunnen iyaye da 'yan'uwa. Gaskiya ne yaran yanzu da yawa sun bar giya, mu gode wa Allah, mu kuma yaba musu. Amma kada wannan ya sa mu barci, domin ɗan da ya rage a ciki ya fi na da shiga hatsari, shi kaɗai yake sha, a ɓoye, da yawa, kuma in ya faɗi waya za a ɗaga masa kafin hannu. In kin ga alama a jikin ɗan'uwanki, ki faɗa wa babba tun da wuri, shirun da na yi bai rufa asirin kowa ba, kusan kabari ya kai mu. In ɗanka ne, kai shi likita, faɗi sunan ciwon, kada ka ce zazzaɓi. In abokinku ne, ku ƙi abin da yake yi, amma ku bar masa gefen tabarma. Kwanan baya na je gaida Baba, ya tsufa, ƙafa ta yi nauyi, muna zaune na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya, na ce Baba, duk wannan abu, kai ba ka ji kunya ba? Ya yi dariya ya ce, "Na ji mana, ɗiyata, har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na duba na ga kunya kullum ana iya wanke ta. Gawa kuwa sau ɗaya ake wankewa."

Allah ya shirya mana zuri'a, ya saka wa iyayenmu da alheri.